Madatsa ta Goma Sha Bakwai

"Kalli! Buɗe idonki da kyau ki kalli aikin ɗan arewanki!"

Tamanda ta kalla.

Gonar masarar mahaifiyarta ce, amma in ba don bishiyar mangwaron da ke bakin iyaka ba, da ba za ta gane ta ba. Jiya da yamma masarar ta wuce kafaɗarta, har ta fara goyo. Yau jan taɓo ne da yashi da tsakuwa kwance tun daga gindin dutse, ruwa kuma yana ta malalowa a kai bai ko gaji ba.

Amayi, mahaifiyarta, tana durƙushe a tsakiyar gonar tana tayar da karan da suka kwanta. Ta tayar da wannan, ya koma. Ta tayar da wancan, ya koma.

Ba ta kuka.

Da ma kukan ta yi, da zuciyar Tamanda ta fi samun sauƙi.

"Malume..." Tamanda ta ce.

"Kar ki kira ni!" Kawunta Namakhwa ya buga sandarsa cikin taɓo. Shi ne yayan Amayi, kuma a ƙauyen Namasoko babu 'yar da ke aure sai kawunta ya ɗaga kai. "Shekara talatin na yi ina sauko da katako a ka daga dutsen nan, ban taɓa ganin ruwan hanya ya shigo gonar ƙanwata ba. Sai da aka kawo mana malamin makaranta daga Rumphi can arewa ya koya mana haƙa rami!"

Rabin ƙauyen ya taru, wasu da lema, wasu sun rufa da ganyen ayaba. Can gefe 'yan aikin hanya ne, masu hawa Dutsen Mulanje duk Asabar su gyara turbar da ruwa ya cinye, don sa-kai kawai. A cikinsu Vitumbiko, malamin makarantar, yake tsaye, ruwa na ɗiga daga gilashin idonsa, bai ko goge ba.

"Madatsa ta goma sha bakwai ce," in ji Stonard, mai raka baƙi saman dutse, wanda ke riƙe wa Malume lema. "Da sassafe na hau na gani da idona. Bakinta ƙauye yake kallo maimakon rafi. Wanda ya gina ta kuwa, ba sai na faɗa ba."

Madatsa, wato jerin duwatsun nan da ake kafawa a karkace a tsakiyar turba, in sun kalli rafi, ruwa ya faɗa rafi. In sun kalli ƙauye, to ga abin da ke faruwa.

"Ni na gina ta," Vitumbiko ya ce wa Malume a hankali, yana kiransa Bambo, wato baba. "Amma rafi na sa ta kalla, Bambo."

"Wa ya gani? Wa ke tare da kai ranar?" in ji Malume.

Idon Vitumbiko ya zo kan Tamanda. Ƙiftawa ɗaya kawai, ya ɗauke.

"Ba kowa."

Ta buɗe baki... Ta rufe.

Agogo Esnati, wato kaka Esnati, tsohuwar da ke jan ragamar 'yan aikin hanya, ta ja dogon numfashi. "Ka san dokarmu, Tica. Ajiye digarka sai an duba."

Ya ajiye digar a gabanta ba musu.

"Sannan ka gaya wa wakilin nan naka," Malume ya ce, "kada ya ɓata takalminsa ranar Lahadi. Maganar neman aure ta bi ruwa, ita da masarar."

Tamanda ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta cikin taɓo, har sai da takun Vitumbiko ya ɓace.

*

Bara ta shiga aikin hanya, kuma da ƙyar Malume ya yarda.

"Tulu da tukunya," ya ce mata a lokacin. "Ki tsaya cikin mata, ki tuƙa musu tuwon nsima a bukkar ƙasa, can gindin dutse. Kada in ji an gan ki a sama tare da wani ƙato."

Ta ce to. Ita da ma to ce maganarta. Tun tana ƙarama in aka yi baƙo sai ta ɓuya bayan ƙofa da littafinta, ga shi ta kai ashirin da uku halin bai sake ta ba.

Amma dutsen ya ja ta. Mutanen gari suna yi wa 'yan aikin hanya dariya, wai wane mahaukaci ne ke jiran ruwa ya sauko sannan ya fita? Agogo kuwa ba ta yarda a haƙa komai da rani. Takan ce a bushe kowa gwani ne, sai ruwa ya zo ake ganin inda yake son bi. Don haka suke hawa cikin ruwan, rigunan leda na ƙara, takalman roba na cika, su tsaya su zuba wa turba ido su ga inda take zubar da hawaye, sannan su sa diga.

Sati uku da suka wuce mura ta kwantar da rabin mutane. Agogo ta dubi Tamanda, ta dubi Vitumbiko, ta tura ɗankwalinta gaba.

"Ke, ɗauki shebur ki bi Tica. Nsima ba ta gudu."

Suka hau su biyu, har kwanar da turba ke lanƙwasa saman ƙauye. Yayyafi ake yi, gonakin shayi a ƙasa sun yi kore shar, hazo na wucewa ta tsakanin ƙafafunsu.

"Shiru-shiru," ya ce, sunan da ya laƙa mata ke nan, "yau dai ko ki yi magana ko in yi hira da diga."

"Digar ta fi ni iya hira."

"Kai! Kalma shida! Yau sai na yanka kaza."

Ta yi dariya har shebur ya suɓuce mata.

Shi ya nuna mata yadda ake kafa dutse. Ba a kwantar da shi a saman ƙasa. A tsaye ake sa shi, kashi biyu cikin uku a binne, a daddale gefensa da tsakuwa har sai ka hau kai ka yi tsalle bai motsa ba. Duwatsu goma sha ɗaya suka jera, bakinsu na gangara wajen rafi. Na ƙarshen ita ta samo shi, fari mai baƙin zane a tsakiya, ita ta haƙa masa gurbi, ita ta kafa shi da hannunta.

"Hau ki yi tsalle," ya ce.

Ta hau. Bai motsa ba.

Ruwan da ke gangarowa ya zo ya daki duwatsun, ya yi ɗan turus kamar mai shawara, ya juya ya faɗa rafi.

"Tama..." Ya cire gilashinsa yana gogewa da rigar da ta fi gilashin jiƙa. "Ni fa ban iya zance ba, a aji kawai bakina ke aiki. Amma tun ranar da na gan ki kina karatu kina tuƙa nsima har ta ƙone, ban sake samun natsuwa ba. Ina son in turo wakili wurin Malume."

Tana tsaye a kan farin dutsen, ta fi shi tsawo kaɗan.

"Ba ta ƙone ba," ta ce. "Kamawa ta yi."

"To ta kama. Ni ma na kamu. In turo?"

Ta rufe fuska da tafukanta masu taɓo, ta gyaɗa kai.

Ta san inda madatsar nan take kallo. Ta san shi kamar yadda ta san sunanta.

Amma in ta faɗa, Malume zai tambaya me ya kai ta sama, ita da namiji, su biyu. Vitumbiko ma abin da ya hango ke nan, shi ya sa ya ce ba kowa.

*

Washegari, Juma'a, ruwan ya ɗan tsagaita. Tamanda na tsince wake a bakin ƙofa, Amayi na gefe ta zuba tagumi.

"Ba don masarar kaɗai ba ne," Amayi ta ce ba tare da ta dube ta ba. "Yayana yana da gaskiyarsa. Mu nan miji ke zuwa garin mace, ya gina ɗakinsa, 'ya'ya su tashi a ƙasar uwarsu. Su can arewa shanu suke kawowa su tafi da mace, ita da abin da za ta haifa. Ke kaɗai gare ni, Tama. In kin tafi, wa zai gaji gonar nan? Wa zai rufe min ido?"

"Amayi, ai bai ce zai tafi da ni ba..."

"Ya ce ba zai tafi da ke ba?"

Tamanda ta ci gaba da tsince waken. Ba ta taɓa tambayarsa ba. Kunya ta hana.

Sai ga Stonard da fartanya a kafaɗa da sabon takalmin hawa da wani baƙo ya bar masa. Ya durƙusa ya gaida Amayi har ƙasa.

"Na zo in taya ku kwashe yashin nan, Amayi. Ɗan gida ai shi ya san zafin gida." Ya juyo yana murmushi. "Achemwali, 'yar'uwata, har yanzu kuka? Mutumin da bai iya gane gabas da yamma ba sai da gilashi?"

"Ba kuka nake ba."

"Ki bar shi ya koma wurin shanunsa. Tun da ya zo yake takura mana. Ka bi nan, kar ka bi can, kar ka yanke kwana. 'Yar gajeriyar hanyar da nake bi da baƙina zuwa maɓuɓɓuga, ya bi ya sakar mata ruwa har wata Baturiya ta zame ta zauna daɓas!"

Ya yi dariya ya wuce gona.

Hannun Tamanda ya tsaya cak a cikin waken.

Gajeriyar hanyar Stonard... Ai ta ƙarƙashin madatsa ta goma sha bakwai take ratsawa, ta ɓangaren rafi. Daidai inda farin dutsenta ke zubar da ruwa.

Da hantsi ta ɗauki tulu kamar mai zuwa famfo, ta zarce gidan Agogo Esnati. Ta same ta tana shafa wa gwiwarta man zafi.

"Na ɗauka sai kin yi furfura za ki zo," tsohuwar ta ce.

"Agogo, ke kin san ina can ranar. Ke kika tura ni. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗi me? Gwiwar nan a madatsa ta tara take ajiye ni. Na san kin hau, amma ban ga abin da kuka gina ba. Idon da ya gani yana cikin kanki." Ta nuna ta da yatsa mai maiƙo. "Bakin kuma yana ƙarƙashinsa, in ba aro kika bayar ba."

"Malume zai kashe ni..."

"Namakhwa? Wanda na goya? Ihu ne kawai da shi, kamar kwanon rufi a ruwan sama. Shi yaron can ya ajiye digarsa da mutuncinsa don ya rufa miki asiri. Ke me kika ajiye?"

Hawaye suka zubo wa Tamanda.

"Share. Gobe Asabar, kuma ga hadari can yana haɗuwa. Mu dai za mu hau."

*

Da safe ruwan ya dawo da ƙarfinsa. Malume ya shigo duba ƙanwarsa, yana zaune a kan tabarma da kofin shayi da dafaffen rogo.

Tamanda ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Malume, ina da magana."

"Ke? Magana?" Ya dubi Amayi. "Yau wace rana ce?"

"Ina can."

"Ina?"

"A madatsa ta goma sha bakwai. Ranar da aka gina ta. Ni da shi ne... mu biyu kawai."

Kofin ya tsaya a hanyar bakinsa.

"Na karya maganarka, Malume, ka yi min duk hukuncin da ka ga dama. Amma ni na kafa dutsen ƙarshe da hannuna, kuma rafi yake kallo! Na rantse rafi yake kallo!"

Ba ta taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba. Kazar da ke bakin ƙofa ma sai da ta tashi.

"Tama!" Amayi ta dafe ƙirji.

"Au, abin har ya kai ki yi min ƙarya saboda namiji?" Malume ya ajiye kofin da ƙarfi. "Ku biyu a saman dutse! Ni Namakhwa, ana ta yi min dariya a bayan ido!"

"To zo mu hau ka gani."

"Me?"

"Ka ce shekara talatin ka yi a dutsen nan. Ka fi kowa sanin dutse. Zo ka duba da idonka, yanzu da ruwa ke zuba. In ƙarya nake, ba zan sake ambaton sunansa ba har in mutu."

Ya kalle ta kamar yau ya fara ganin ta.

"Ba ni sandata," ya ce.

*

A bukkar ƙasa suka tarar da 'yan aikin hanya suna ɗaure rigunan leda. Agogo ta ga Malume, ta ga Tamanda a gabansa ba a bayansa ba, ta yi wani ɗan murmushi.

"Stonard," ta ce, "kai ka gano ɓarnar, kai za ka kai su."

"Agogo, ai ruwan nan ya yi yawa, a bari..."

"Tun yaushe muke jiran ruwa ya ɗauke? Wuce!"

Suka hau su uku. Turba ta yi santsi, ciyawa na marin ƙafafu, ruwa na shiga wuya yana fita ta ƙugu. Malume yana haki amma bai yarda a riƙe shi ba. Duk madatsar da suka wuce sai ya ɗan zungure ta da sanda. Ta goma sha biyar ma shuri ya kai mata, ya ɗaga ƙafa yana tsaki.

"Wa ya kafa wannan?"

"Tica," Tamanda ta ce.

Ya ci gaba da hawa.

Da suka sha kwanar ƙarshe sai ta tsaya cak.

Vitumbiko ne. Ba lema, ba rigar leda, taɓo har gira. Ya janyo wani gungumen itace da iska ta kayar, ya gitta shi a saman madatsar, yana cusa ciyawa da laka a ƙarƙashinsa da hannu. Gungumen ya tare yawancin ruwan ya kora shi rafi. Yatsunsa biyu na jini.

"Vitu!"

Ya ɗago, ya ga Malume, ya miƙe da sauri har ya kusa zamewa.

"Ba an ce ka ajiye aiki ba?" Malume ya daka masa tsawa.

"Diga aka ce in ajiye, Bambo, ga ta can wurin Agogo. Hannuwana kuwa nawa ne. Gonar ta riga ta cika. In ruwan yau ya sake bi ta can, ɗakin Amayi zai shiga."

Malume ya wuce shi ya tsaya a kan madatsar. Gaskiyar Stonard, duwatsun ƙauye suke kallo.

"To ga shi," Stonard ya ce da sauri. "Kun gani ai. Mu sauka kafin..."

"Malume, dubi nan."

Tamanda ta durƙusa ta share ganye da yashi da hannunta. Ga ramuka a jere a tsakiyar turba, cike da ruwa, kamar gurbin haƙoran da aka cire. Goma sha ɗaya. Layinsu na gangara wajen rafi.

"Shi ya tona su daga baya!" in ji Stonard.

"Abin da na san za a ce ke nan," Vitumbiko ya ce, "shi ya sa ban taɓa ko ɗaya ba."

Malume ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ya sa ƙafa ya taɓa dutsen farko na madatsar da ke kallon ƙauye. Ya gangara. Ya taɓa na biyu, shi ma ya bi shi. A kwance suke duka a saman ƙasa, ko ɗan yatsa ba su nutse ba.

Tamanda ta ɗauko farin dutsenta daga can ƙarshe, ta miƙa masa da hannu biyu. Kashi biyu cikin uku na jikinsa ja ne, ƙasa ta rina shi. Saman ne kawai fari.

Tsohon ya juya shi, ya sake juyawa. Ya durƙusa da ƙyar a bakin ramin ƙarshe, ya tsayar da dutsen, ya sake shi.

Ya zauna daram. Jan ya ɓace cikin ƙasa daidai baki, ko tsinke ba zai shiga gefensa ba.

"Stonard," Malume ya ce ba tare da ya juyo ba, "tun kana ɗaukar min katako nake ce maka kai malalaci ne. Ko murhu ka haɗa sai tukunya ta kife. Na san kwanciyar dutsenka kamar yadda na san tafiyarka."

"Bambo, ni... hanyar baƙina ce ruwan ke ɓatawa. Na ce bari in ɗan juya shi kaɗan. Ban zaci zai kai gona ba, na rantse ban zaci ba!"

"Wannan kuskure ne, ana yi. Lemar da ka riƙe min kana nuna wani da yatsa fa, ita ma kuskure ce?"

Stonard ya sunkuyar da kai, sabon takalminsa na nutsewa a laka.

"Sauka ka gaya wa Agogo da bakinka. Daga nan ka wuce ka gaya wa ƙanwata."

Ya juya ya sauka, bai ko waiwayo ba.

Tamanda ta yage bakin ɗankwalinta ta kama hannun Vitumbiko tana ɗaure masa yatsu, a gaban Malume, ba ta ma tuna da kunya ba.

"Ka yafe min," ta ce, hawaye da ruwa sun haɗu a fuskarta. "Na bar ka kai kaɗai a gaban mutane..."

"Shiru-shiru, ke kika hawo da Malume har nan?"

"Ihu ma na yi masa."

"Wayyo, kuma ba na wurin!"

Malume ya yi gyaran murya.

"Kun gama? To saurara, ɗan arewa. Ka fita daga maganar ruwa, na yarda, na kuma zalunce ka a gaban jama'a, a gabansu zan janye. Amma aure maganarsa daban. 'Ya ɗaya ƙanwata ta haifa. Ba zan karɓi shanu in bar ta ta tsufa ita da kaji ba."

Tamanda ta dubi Vitumbiko. Tambayar da ta kasa yi ke nan.

"Bambo, saƙon da wakilina zai kawo gobe ke nan. Tun watan jiya na je gida na gaya wa mahaifina a nan zan zauna."

"Ya yarda?"

"Ya kore ni daga falo. Ya ce a zuriyarmu ba a taɓa namijin da ya bi mace garinsu ba. Kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Ranar da zan taho ya ce in tafi, ƙannena maza huɗu sun ishe shi hayaniya, amma duk hutun makaranta yana son ganin jikokinsa a Rumphi." Ya dubi turbar da ke gangarawa cikin hazo. "Ni kuma na kafa duwatsu da yawa a dutsen nan. Ba na son in tafi in bar wa wani su."

Malume ya murza gemunsa da ya jiƙe.

"Ka san mai neman aure a nan sai ya yi wa surukarsa noma?"

"Na sani."

"To gonar da za ka fara da ita tana ƙarƙashin yashi."

"Dankali zai yi a wurin, Bambo, in aka yi kunya kafin ƙarshen wata."

"Ji shi! Zai koya min noma kuma!" Ya nuna duwatsun da sanda. "Kafin nan ku mayar da abin nan yadda yake. Ni zan zauna a nan in ga ko gaskiya ne 'yar ƙanwata ta iya kafa dutse."

Ya zauna a kan gungumen, cikin ruwa, har suka kafa na goma sha ɗaya.

*

Dankalin ya yi, har Amayi ta rasa inda za ta zuba shi. Stonard ya kwashe yashin rabin gonar shi kaɗai bisa hukuncin Agogo, daga baya ta mayar masa da shebur ta ce ya koyi binne dutse.

A watan Yuli aka ɗaura auren a cocin ƙauye, cikin sanyi da yayyafin da ke saukowa daga dutse. Mahaifin ango ya zo daga Rumphi da fuska a murtuke da saniya guda a bayan mota, yana ta nanata wa kowa cewa ba ta aure ba ce, kyauta ce kawai. Kafin la'asar an gan shi shi da Malume suna gardama a kan wanda dutsen garinsu ya fi tsawo.

Ɗakin amarya kuwa a bayan na Amayi aka gina shi, kusa da mangwaro.

Ruwan farko na sabuwar damina ya sauko ranar wata Asabar. Mutanen gari suka ruga ɗaka, 'yan aikin hanya suka fito. Tamanda ce a gaba da diga a kafaɗa, mijinta na biye yana goge gilashi, can baya kuma wani tsoho da sanda yana haki yana cewa shi fa iska kawai ya fito sha.

A kwanar nan suka tsaya.

Ruwa ya gangaro ja, da ƙarfinsa, ya daki duwatsun. Ya yi ɗan turus a jikin farin.

"Shiru-shiru," Vitumbiko ya raɗa mata, "gilashina ya rufe. Ina ya nufa?"

Ta kama hannunsa, ta ɗaga murya yadda har Malume zai ji daga baya.

"Rafi!"